Hannun Hagu na Sibiri Tapsoba

Shekara ashirin da bakwai ke nan Tasere Zida yana ɗauke da nauyin wata takarda da bai rubuta ba. Mahaifinsa, Noaga, shi ne ya roƙe shi ya rubuta ta zuwa ofishin tsofaffin sojoji da ke Wagadugu. Saboda ita ma ya sa shi a makaranta tun farko, a lokacin da sauran 'ya'yan gidan suke bin awaki. Tasere ya amsa da to. Bayan kwana biyu ya zo ya ce ya rubuta, ya kuma aika. Ƙarya ya yi. A lokacin bai daɗe da samun canjin wurin koyarwa zuwa garinsu na Wemsin ba, da sa bakin gidan sarki kuwa ya samu, kuma ya san takarda irin wannan tana iya jefa malami can ƙuryar arewa, inda ko ruwan sha sai an yi masa tafiyar wuni. Tsohon ya yarda da shi. Duk ranar kasuwa, bayan kowane kwana uku, sai ya sa hularsa ya tafi shagon da ake ajiye wasiƙu, ya tambaya ko amsa ta iso. Shekara huɗu yana wannan zirga-zirga, har ranar da aka kai shi makwancinsa.

Abin da takardar za ta faɗa ba shi da tsawo. A shekarar da Nasara suka buƙaci samari domin yaƙinsu na ƙetaren teku, sunan Sibiri Tapsoba, ɗan sarkin Wemsin, ya faɗa cikin waɗanda aka rubuta. Sarki bai yi gardama ba. Ya kira Noaga, ɗan mai kula da dawakinsa, wanda yake sa'an Sibiri, ya ce masa daga yau duk inda Nasara ya kira Sibiri Tapsoba, kai ne za ka amsa. Haka manyan gidaje suke yi a wancan zamani. Noaga ya amsa wannan suna shekara shida, a cikin jirgin ruwa da cikin ramuka da cikin ƙanƙara. Ya dawo babu yatsu biyu a hannun hagu, da littafin soja da lambar yabo a aljihu. Tun a zauren sarki aka karɓe su, aka ce ai sunan da ke jiki ba nasa ba ne. Ya koma barga yana kwashe kashin doki da yatsu takwas, Sibiri kuwa ya riƙa maƙala lambar a ƙirji duk ranar biki. Waɗanda suka san gaskiya suka yi shiru, sannan suka mutu ɗaya bayan ɗaya. Noaga ba abin duniya yake nema ba. Cewa yake yi, yana so a samu takarda ko guda ɗaya a doron ƙasa wadda ta san Noaga Zida ya je.

Yanzu Tasere ya ajiye alli, furfura ta cinye rabin kansa, sai ga mutanen Wemsin sun yanke shawarar gina bango a bakin kasuwa, a jera masa allunan dutse ɗauke da sunayen 'yan garin da suka yi aikin soja tun daga zamanin Nasara. Shi aka naɗa magatakardan kwamitin, domin babu wanda ya kai shi kyan rubutu. Jerin sunayen daga Wagadugu aka aiko da shi, kamar yadda yake a littattafan soja: mutum arba'in da uku. Na goma sha bakwai shi ne Sibiri Tapsoba, kuma shi kaɗai ne ya rage da rai daga cikin 'yan babban yaƙin. An riga an shirya masa kujera a sahun gaba.

Mai sassaƙa sunayen wani Basamo ne da ake kira Pare, kuma tsakanin Samo da Mosi wasa ne na kaka da kakanni, babu mai fushi da zagin ɗan'uwansa. Da Tasere ya kai masa takardar sunayen allo na biyu, Pare ya ajiye guduma ya share gumi da gefen riga.

"Bawana ya iso! Durƙusa ka gai da ubangidanka, ɗan Mosi mai tuwo ba miya."

"Da safen nan ma warin burkutu kake yi, mai cin kare," in ji Tasere. "Allah ya sa ba a karkace ka rubuta mana kakanni ba."

"Kakanninku ai a karkace suka zo duniya, ni gyara su nake yi." Pare ya karɓi takardar, ya bi ta da yatsa har ya kai na goma sha bakwai, ya tsaya. Ya rage murya. "Kai, bawana. Goggonka Tipoko ta tare ni jiya a bakin rijiya. Ta ce wannan sunan na wanta ne."

Goggo Tipoko ita ce ƙanwar Noaga, ita kaɗai ce kuma ta rage a cikin 'yan ɗakinsu. Shekara da shekaru tana faɗar wannan magana ga duk wanda ya tsaya, har mutane suka mai da ita sambatun tsohuwa.

"Ta faɗa wa kowa," in ji Tasere.

"To ni na yarda da ita. Tsohuwar da ta tsine mini sau uku a zama ɗaya ba ta ƙarya. Duba nan." Ya nuna ƙasan allon. "Akwai filin layi guda. Na yi wa magajin gari maganar, ya ce shi ba ya son rigima, amma in gidan Tapsoba suka yarda, a ƙara sunan ba sai an jira Wagadugu ba. Ablase ɗan Sibiri abokin karatunka ne, ba mugun mutum ba ne. Je ka same shi a ɗaki, ku biyu, ka faɗa masa. Kafin Juma'a ubanka yana kan dutse."

Tasere ya dubi filin. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, a can ƙasa, inda ruwan sama zai riƙa fantsama masa laka. Ya ga kansa yana sallama a ƙofar gidan Tapsoba, yana cire takalmi, yana roƙon a ba mahaifinsa aron wuri a ƙarƙashin ƙafar wanda ya sace masa shekara shida.

"Sassaƙa abin da aka ba ka," ya ce. "Na goma sha bakwai ɗin nan ka zurfafa shi fiye da sauran."

Pare ya daɗe yana kallonsa. "Wannan idon naka ba na so, bawana. Idon mai shirin ƙona rumbu ne."

"Ruwanka da dutse."

A ranar bai san abin da zai yi ba tukuna. Ya dai san ba zai yi roƙo ba. Hanyar da kanta ta zo ta same shi har gida, kwana huɗu kafin buɗe bangon. Ablase Tapsoba, ɗan Sibiri na fari, mai motocin ɗaukar auduga kuma shugaban kwamitin, ya yi sallama da hantsi da wani ƙullin tsumma a hannu. Sun zauna benci ɗaya a aji uku kafin Ablase ya gudu daga makaranta ya bi direbobi.

"Malam, ga amana," ya ce, yana kwance ƙullin da ladabi. "Littafin sojan Baba ne. Tun ina yaro yake kulle a gwangwani, jiya da ƙyar na rarrashe shi ya ba ni mabuɗin, shi ma don ya fara ruɗewa ne. Ni ka san Faransancina na tashar mota ne, wannan rubutun hannu na mutanen da kuwa ko da tabarau ba na gane shi. Kai za ka karanta sunaye. In ka zo kan Baba, ka karanta abin da Nasara suka rubuta a kansa, ka fassara da harshenmu yadda ko kurma zai ji. Ban taɓa yi wa tsohon nan wani abin kirki ba sai wannan."

Tasere ya karɓa da hannu biyu. Bangon littafin ya yi laushi kamar tsohuwar fata, yana da tabon gumi a gefe ɗaya, kuma ya san gumin wane ne. Ya buɗe. A shafi na tara, da tawadar da ta koma ruwan ƙasa, wani hafsa ya rubuta cewa soja Tapsoba Sibiri ya ɗauko abokinsa da aka harba daga bakin wata gada, ana ruwan harsashi, kuma a nan ya rasa ƙaramin yatsa da mai bi masa na hannun hagu.

Ya karanta sau biyu. Mahaifinsa bai taɓa ba shi labarin gadar ba.

"Me suka ce?" in ji Ablase, yana leƙe kamar yaro.

A nan ne ya kamata ya faɗa. Su biyu ne kawai a zauren, ga shaida a hannu, ga mutum ya zo da zuciya ɗaya. Tasere ya san da haka a lokacin, ba daga baya ya gane ba. Ya rufe littafin a hankali.

"Sun yabe shi ƙwarai," ya ce. "Ka bar mini. Ranar Asabar kowa zai ji."

Kwana huɗun nan ya yi su cikin wani irin nishaɗi da ya manta da ɗanɗanonsa. Ya sa aka wanke masa babbar rigarsa ta saƙi. Ya maimaita fassarar a bayan gida har kalmomin suka zauna masa a harshe. Ya je ya duba lasifikar da aka aro daga masallaci, ya sa aka ƙara wata a kan bishiyar da ke fuskantar rumfunan mata. Ya aika a gaya wa Goggo Tipoko lallai ta zo, a zaunar da ita kusa da lasifika, domin kunnenta ya yi nauyi.

Ranar Asabar tun da safe filin kasuwa ya cika. An lulluɓe bangon da farin ƙyalle. Makaɗan sarki sun jera gangunansu na duma, sojoji shida sun zo daga bariki, wakilin gwamnati ya zauna a tsakiya da magajin gari a damansa. Mata suna zagayawa da ƙoren ruwan gari mai tsamiya. Aka shigo da Sibiri Tapsoba a riƙe, tsoho tukuf mai shekara kusan casa'in, cikin farar riga, lambar tana lilo a ƙirjinsa. Jama'a suka miƙe masa. Tasere ma ya miƙe.

Aka yaye ƙyallen, aka yi guɗa. Tasere ya hau mumbari ya fara kiran sunaye. Kowane suna ya kira, ganga ta amsa, dangin mai sunan su ɗaga hannu. Wasu sun yi kuka. Ya bi su a natse, bai yi gaggawa ba, har ya kai na goma sha bakwai.

"Sibiri Tapsoba," ya ce, filin ya ɗauki tafi. Ya jira tafin ya lafa. "Wannan uba namu yana raye, iyalinsa kuma sun ba ni littafinsa na soja, sun ce in karanta muku abin da ke ciki."

Ya karanta da Faransanci domin manyan baƙi. Sannan ya fassara, kalma bayan kalma: gadar, da harsashin, da abokin da aka ɗauko a kafaɗa, da yatsu biyu na hannun hagu. Tun kafin ya ƙarasa ya ga fuskar Ablase ta canza, ya ga ya juya yana kallon cinyar mahaifinsa, inda hannuwan suke ajiye.

Tasere ya sauko daga mumbarin da abin magana a hannu, igiyarsa tana binsa a ƙasa. Ya durƙusa a gaban tsohon kamar yadda ɗa na gari yake yi.

"Baba," ya ce, muryarsa tana fita ta kan bishiya, "ɗaga mana hannunka na hagu. Yaran garin nan su ga abin da ka ba wa yaƙi."

Tsohon ya ɗago kai. Idanunsa sun yi fari-fari, amma ba su ruɗe ba a wannan lokacin. Ya dubi Tasere, ya dubi jama'a. Yana iya ƙin ɗagawa, babu mai tilasta masa. Sai ya ɗaga, a hankali, ya ware yatsun. Biyar ne cif, dogaye, masu laushi, na mutumin da bai taɓa riƙe ko fartanya ba.

Sai muryar Goggo Tipoko ta tsaga filin.

"Noaga Zida! Noaga ɗan Raogo! Ku da kuka ce na haukace, wa ya manta hannun wana? Kai mai goro, ba da hannun nan yake karɓar goronka ba?"

Guna-guni ya tashi kamar an taɓa gidan zuma. Duk wanda ya haura shekara arba'in a Wemsin ya san hannun Noaga mai barga, sai dai ba wanda ya taɓa haɗa shi da lambar da ke ƙirjin Sibiri. Tasere yana durƙushe yana jin garin yana haɗawa, rumfa bayan rumfa, wani sanyi mai daɗi yana ratsa shi tun daga ƙeya. Ya ɗaga ido ya nemi Ablase, ya same shi tsaye, baki buɗe, hularsa a hannu. Bai kau da kai ba sai da ya ƙoshi da kallo.

Yana shirin miƙewa tsohon ya kama masa hannun riga, ya jawo abin maganar kusa da bakinsa.

"Ɗan Noaga ne, ko?" Muryar ta fita siririya ta cika filin. "Ubanka ya zo ya same ni. Ya ce ɗansa ya rubuta wa Wagadugu. Na ɗaure kayana a buhu, na zauna jiran su zo su tafi da ni. Damina huɗu buhun yana bayan ƙofa." Ya numfasa. "Yaro, me suka ce? Ba wanda ya zo ya gaya mini."

Kafin Tasere ya samo abin faɗa, wani daga cikin taron ya yi ihu: "Su ne suka danne takardar! Yanzu kuma yana yi wa mamaci ba'a!" Nan take maganar ta kama. Aka ce ai gidan sarki ne suka saye mai shagon wasiƙu, aka ce an ga lokacin da aka yi. Goggo Tipoko ta buga sandarta a ƙasa ta tsine wa gidan Tapsoba, waɗanda suka saci suna, suka dawo suka saci takardar maraya. Abin maganar yana hannun Tasere, kalma biyar sun isa su wanke gidan Tapsoba. Ya sa babban yatsa ya kashe shi.

Wakilin gwamnati ya tashi ba tare da ya yi jawabinsa ba. Washegari umarni ya zo cewa a kankare suna na goma sha bakwai, kuma kada a sa wani a madadinsa sai Wagadugu ta ga takardar koke da shaidun da suka san abin da idonsu. Pare ya yi wuni biyu yana aikin, saboda zurfin da aka sa shi ya yi. Ya bar wani rami mai tsawon kamu biyu a tsakiyar allon.

"Ga ubanka nan, bawana," ya ce da Tasere, yana nuna ramin da guduma. Bai yi dariya ba. "Layin ƙasa ma magajin gari ya ce kada in taɓa. Shaidu biyu suka rage a duniya, ɗaya kurma ce, ɗayan kuma, tsoho Sibiri, 'ya'yansa mata sun kwashe shi zuwa birni, an ce ko abinci ba ya karɓa. Ka ci nasara. Je ka sha ruwa."

Ablase ya tare shi sau ɗaya, a nan gaban bangon, ranar kasuwa. Ya rame.

"Yatsu na gani da idona, ba ni da ta cewa," ya ce. "Amma takardar, Malam, na sa Baba ya dafa Alƙur'ani. Ya ce bai taɓa ganinta ba. Yarana ba sa iya zuwa makaranta, ana kiransu ɓarayin wasiƙa. Kuma a zaurenka na kwance maka littafin nan da hannuna. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ubana ya yi shekara arba'in yana kwashe kashin dokinku," in ji Tasere. "Wa ya kira shi ɗaki ya faɗa masa wani abu?"

Ya wuce. A hanya ya binciki zuciyarsa ko zai sami nadama game da ranar Asabar, bai samu ba. Da za a mayar da ranar, da zai sake durƙusawa ya sake neman hannun. Abin da ya hana shi sakat daban ne. Goggo Tipoko ta mai da shi abin yabonta. Duk wanda ya shiga gaishe ta sai ta ba shi labarin ɗan wanta, ɗan halas, wanda tun yana saurayi ya tsaya wa ubansa ya rubuta wa manya takarda, azzalumai suka sace. Kullum da rana sai ta aiko masa da tuwon dawa da miyar kuɓewa, da hannunta take tuƙawa, ita da ko tsayuwa wuya take yi mata. Kwana tara yana karɓar kwanon, yana ba wa jikoki.

A rana ta goma ya ɗauki kwanon da kansa ya mayar. Ya same ta a tsakar gida a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa, surukanta biyu suna daka, wata maƙwabciya tana tsefe wa 'yarta kai. Ya cire takalmi ya durƙusa dab da ita.

"Goggo," ya ce ƙasa-ƙasa, "takardar nan ban rubuta ta ba."

"Me?" Ta karkato kunne. "Tuwon ne bai yi ba?"

"Takardar Baba. Ban rubuta ba. Ba wanda ya sace ta."

"Kai, buɗe baki ka yi magana! Ranar Asabar ai har ƙauyen gaba sun ji ka. Wa aka sace?"

Tasere ya dubi matan. Taɓaren sun tsaya a sama, maƙwabciyar ta saki gashin yarinyar. Wannan maƙwabciya ƙofarta tana kallon ta gidan Tapsoba, kuma ba a san ta da riƙe magana ba. Ya gyara durƙusonsa, ya cika ƙirji da iska, ya ɗaga murya irin yadda yake yi a aji mai yara tamanin.

"Na ce takardar da Baba ya sa ni in rubuta, ban rubuta ba! Ƙarya na yi masa! Shekara huɗu yana zuwa shago, ni kuwa na san babu abin da zai zo!"

Goggo Tipoko ta ji. Hannunta ya tsaya a cikin ƙwaryar gyaɗar, ta zuba masa ido, shi kuwa ya zauna a wurin bai tashi ba.